Amfanin dabbobin gida ga lafiyar ɗan Adam

Dabbobin da ake ajiyewa a gida don ɗebe kewa, irin su kyanwa da kare da tsuntsaye, sun daɗe suna jan hankalin masana kiwon lafiya, musamman dangane da ciwon zuciya.

A shekarar 1980, Erika Friedmann da abokan aikinta a Amurka sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan mutane 92 da aka kwantar a asibiti saboda ciwon zuciya.

Bayan shekara guda, mutane 3 ne suka rasu daga cikin 53 masu dabba a gida, yayin da 11 suka rasu daga cikin 39 marasa dabba.

A shekarar 2017 kuma, wani bincike na Jami'ar Uppsala da ke ƙasar Suwidin, wanda ya shafi mutane miliyan 3.4, ya gano cewa a cikin masu zama su kaɗai, haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 33 cikin ɗari ga masu kare.

Dalilai

Masana sun ce mai kare yakan fita yawo da shi kullum, abin da ke motsa jiki. Shafa dabba kuma kan kwantar da hankali, ya sassauta hawan jini na ɗan lokaci.

Sai dai Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta yi gargaɗi a shekarar 2013 cewa alaƙa kawai aka gani, ba a tabbatar dabbar ce sanadi ba. Mai yiwuwa masu ƙoshin lafiya ne dama suka fi iya ɗawainiyar dabba.

A ƙasar Hausa, galibi gadi da farauta ne aikin kare. Kyanwa da tattabaru ne suka fi samun gurbi a cikin gida.

Hattara

Amfanin yana tare da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na hallaka mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

Don haka likitoci ke ba da shawarar yi wa dabba allurar rigakafi. Wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti.

Ana kuma shawartar mata masu juna biyu su guji taɓa kashin kyanwa, domin yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke illata ɗan tayi.