Faranti Ya Riga Shayi Zuwa Sakkwato

Wanda ya bi ta Ƙofar Taramniya da asuba, ya ga mutane sun kewaye teburin mai shayi, zai ɗauka al'adar ta daɗe kamar ganuwar da Muhammadu Bello ya gina wa birnin a 1809. Amma ba haka ba ne. Kayan shan shayi sun riga shayin kansa isowa Sakkwato da shekaru masu yawa.

Asalin butar shayi ta tangaram daga ƙasar Sin take. Turawa sun daɗe suna sayenta da tsada, sai a 1710 aka kafa masana'antar tangaram a Maisan ta ƙasar Jamus, sa'an nan Josiah Wedgwood ya kafa tasa a Ingila a 1759. A wancan zamani shayi abin sarakuna ne da attajirai, har uwargida kan kulle ganyen cikin akwati ta riƙe mabuɗi. Da aka rage kuɗin fito a Ingila a 1784, daga 119 bisa ɗari zuwa 12½, sai shayi ya shiga gidan talaka, buta da faranti kuwa suka zama kayan kasuwa.

Daga cikin irin waɗannan kaya ne wani ya iso fadar Sarkin Musulmi. A watan Maris na 1824 Kyaftin Clapperton ya sauka Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ya karɓe shi. Cikin gaisuwar da ya kai wa Bello akwai bindigogi, da alkyabba, da kanumfari, da madubin hangen nesa, an jera ƙananan kayan bisa wani babban farantin shayi na Ingila. Abin lura a nan shi ne, farantin ya zo a matsayin mazubi kurum. Clapperton ya kuma ba da labari cewa abincin da ake aiko masa daga fada cikin kwanonin ƙarfe masu hatimin Landan yake zuwa, wata rana ma an kawo masa nama cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila. Watau kayan Turai sun riga sun shigo, amma mutanen gari sun ba su aikin da suka ga dama.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gurbin da shayi ya cika a Ingila, na tarbar baƙo da zaman hira da kore gajiya, goron Gwanja ya riga ya cika shi a ƙasar Hausa.

Shayin kansa ta hamada ya biyo, sunansa ma shaida ne, domin daga Larabci aka aro shi. A lokacin Yaƙin Kirimiya, 1853 zuwa 1856, 'yan kasuwar Ingila suka karkata da koren shayi zuwa tashoshin Maroko, daga nan ya bazu cikin Larabawan Sahara da Azbinawa. Butar da ta rako shi ta ƙarfe ce, ƙarama, wadda ake ɗorawa bisa garwashi. Tangaram ba ta jure wa tafiyar raƙumi.

Baƙin shayi mai madarar gwangwani, wanda ake sha da burodi a bakin ƙofar, shi ne auta. Ta bakin teku ya zo, tare da kantunan Turawa, bayan 1903.