Daga 'Yan Taru zuwa makarantar matan aure

Matan aure da ke fita Islamiyya bayan la'asar a Matazu da Malumfashi, goyo a baya, Ahalari a hannu, hanyar da suke takawa an share ta sama da shekara 200 da suka wuce.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara. A cikin Nurul Albab ya caccaki malaman zamaninsa da ke karantar da almajirai a zaure, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san farillan alwala ba. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ita ta mayar da maganar aiki. Ta lura macen ƙauye mai miji da yara ba za ta iya zuwa gaban malama ba, sai ta zaɓi dattawan mata masu mutunci, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jaji kan taho wurinta da tsofaffi da 'yan mata, a haddace waƙoƙin tauhidi da fiƙihu cikin Hausa ko Fulatanci, su koma su koya wa na gida. Su ne 'Yan Taru. Hikimar waƙar ita ce mace na iya bitarta tana daka ko kaɗi, ba sai da allo ba.

Aikin bai tsaya nan ba. A 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina. A 1956 Malam Isa Wali ya rubuta maƙalu kan matsayin mace a Musulunci, da aya da hadisi, ya sha suka. Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka nace kan ƙuri'ar matan Arewa, amma ba a samu ba sai 1976. A 1985 aka kafa FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi, a Minna, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amira ta farko.

Shi ya sa nake jin ciwo idan aka ce haƙƙin mata kayan Turawa ne. Inda muka fi gazawa kuwa shi ne gado. A ƙasar masara da auduga, gona ce dukiya, kuma sau da yawa sai yayye maza su ci gaba da noma ta, a ce wa mace ai tana gidan miji. Suratun Nisa'i ta yanke mata rabonta. Malamanmu da masu unguwanni, ku tsaya a auna gonar a ba ta nata.