Asalin Akawalin Ƙasar Firislan

A arewacin ƙasar Holan, a bakin Tekun Arewa, akwai wani lardi mai suna Firislan, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai dausayi da laka, wadda mutanenta suka daɗe suna tayar da ganuwar ƙasa don kada teku ya cinye musu gonaki. Daga wannan lardi ne aka sami baƙin dokin nan mai doguwar geza da gashi a bisa kofato, wanda a yau attajiran Turai da Amurka ke saye da tsada. Duk wanda ya gan shi yana taƙama, wuya a tanƙware, yana ɗaga gwiwa sama kafin ya dire ƙafa, zai zaci a bargar sarakuna ya tashi, alhali kuwa manoma ne suka rene shi, kuma bukatar manomi ce ta gyara masa ɗabi'a.

Tun zamanin Rumawa an san mutanen Firislan da doki, domin mahayansu sun yi aikin soja a rundunar Rum har ganuwar Hadiriyan da ke arewacin Ingila. Dokin wancan zamani kakkaura ne mai nauyi. Sai a lokacin yaƙin shekara tamanin da aka yi tsakanin Holan da Sifen, daga 1568 zuwa 1648, dawakin Andalus suka shigo ƙasar, jininsu ya gauraya da na gida, aka sami ƙaramin kai da dogon wuya da ɗaga ƙafa. Daga baya, a ƙarni na 18 da na 19, mutanen ƙauyuka suka ƙallafa rai ga tseren sassarfa na gajeren zango, mita 325 kacal, wanda ya ci a ba shi bulalar zinariya ko ta azurfa.

Amma sanyin halinsa, wanda shi ne abin da na fi ganin darajarsa, a gona aka same shi. Ƙaramin manomi ba shi da ikon ajiye doki don garma daban, don hawa daban. Dokin da ya ja garma cikin laka ranar Asabar, shi ne za a wanke a ɗaura wa sjees ranar Lahadi, wato ɗan keken nan mai dogayen ƙafafu biyu, maigida yana zaune a hagu riƙe da linzami, uwargida a dama da adon zinariya a kanta, su nufi majami'a ta siririyar hanya mai ruwa dama da hagu. Dokin da ke firgita a irin wannan hanya halaka zai jawo, mai cizo da harbi kuwa ba a iya barin yaro ya kai masa ciyawa. Saboda haka goɗiya mai haƙuri ita ake ajiyewa ta haihu, mai mugun hali a rabu da ita, har haƙuri ya zama gado a cikin jinsin.

Ran 1 ga Mayu 1879 wasu manoma da masu ƙasa suka taru a wani masauki mai suna De Drie Romers a ƙauyen Roordahuizum, suka kafa littafin nasabar dawaki. Wannan bai hana jinsin raguwa ba, domin manoma da yawa sun karkata ga manyan dawaki masu jinin Oldenburg na Jamus, waɗanda suka fi ƙarfin jan kaya, har ya zamana a shekarar 1913 ingarmu uku kaɗai suka rage a littafin, su ne Prins 109 da Alva 113 da Friso 117. Wasu masu kishi suka tashi suka ceto jinsin. Bayan shekara hamsin kuma tarakta ta zo ta karɓe aikin gona, goɗiyoyin da ke rajista suka koma wajen 500, sai da hawan nishaɗi da wasan jan keke suka buɗe masa sabuwar ƙofa sannan ya farfaɗo.

Ƙungiyar littafin, wadda ake kira KFPS, ta mai da abin da manomi ke yi da ido ya zama ƙa'ida. Kowace shekara alƙalanta suna duba duƙushi da goɗiya, a zagaya da su a hannu, a dubi ƙira da tafiya da sassarfa. Launi baƙi ne tilas, ba a yarda da fari ba sai ɗan ɗigo a goshi. Ingarman da ake so ya yi baye kuwa hisabinsa ya fi tsanani, domin bayan ya tsallake tantancewa, wadda babban taronta ake yi a birnin Leeuwarden cikin Janairu, sai a raba shi da mai shi a kai shi jarrabawa ta kimanin kwana 70, a hau shi da sirdi, a ɗaura masa keke, a lura da zamansa a barga da yadda yake karɓar horo da son aiki. In ya ci, a raɗa masa sunan Firisanci da lamba. In 'ya'yansa suka taso ba su gamsar ba, a janye masa izini.

Sai dai jinsin da ya ratsa ta ingarmu uku ba ya rasa illa. Dukkan dawakin Firislan na yau suna komawa ga ingarma guda, Nemo 51, wanda aka haifa a 1885, kuma wannan kusancin jini ya bayyana a wadanci, da taruwar ruwa a cikin kan duƙushi, da fashewar babbar jijiyar zuciya. Yanzu ana gwada ƙwayoyin gado don gano masu ɗauke da biyun farko, kuma ana shawartar masu kiwo kada kusancin jinin ɗan da za a haifa ya haura kashi 5 cikin 100. Abin da ke damuna shi ne, tun da fim ɗin Ladyhawke na 1985 ya fito da shi ga idon duniya, masu saye da yawa tsawon geza suke tambaya kafin nasaba da hali, masu kiwo kuwa, in ba masu tsoron amana ba, abin da kasuwa ta nema shi suke haifarwa.