Lauya da Lauyan Gwamnati: Tarihin Bambancinsu a Ƙasar Daura

A bakin Bahaushe, duk wanda ya sa baƙar riga da farar hular gashi ya tsaya gaban alƙali lauya ne. Kalma ɗaya ce ta rufe ayyuka da dama, kuma abin da ya raba waɗannan ayyuka a Najeriya bai taɓa zama yawan karatu ko girman laƙabi ba. Abin da ya raba su shi ne wanda mutum ya tsaya wa, da irin ikon da doka ta danƙa masa. Tarihin shari'a a ƙasar Daura, har zuwa bakin iyaka a Kongolam, ya isa shaida.

Lokacin da Turawa suka mayar da Sarki Musa gadon Daura a 1906, shari'a tana hannun alƙali da muhutinsa, manyan ƙararraki kuma suna zuwa gaban sarki da majalisarsa. Ba lauya a wannan tsari, domin dokar kotunan En'e ta hana shi shiga, alhali tun 1879 Sapara Williams na Legas ya zama lauya a Ingila. Wasu kan kafa hujja da wannan su ce aikin lauya baƙo ne ga shari'ar Musulunci. Maganar ba ta cika ba. Fiƙihun Malikiyya ya san wakilci a husuma, kuma Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna hukunci da ita, tana da babi a kan wakala. Abin da ya zo sabo shi ne mayar da wakilci sana'a mai rajista da lada, da kuma naɗa wa hukuma nata wakilin na dindindin wanda zai bi laifi ko da wanda aka zalunta ya yafe.

Canjin ya zo ne gab da samun 'yanci. Kwamitin masana na 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat, shi ya share fagen kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a 1960. A wannan zamani ne 'yan Arewa na farko suka dawo da shaidar lauya, kuma 'yan Katsina biyu da ke cikinsu gwamnati suka fara yi wa aiki. Mamman Nasir ya zama Ministan Shari'a na Jihar Arewa a 1961, daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992. Muhammadu Bello ya kai ga kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995. Kotunan sarakuna an soke su bayan juyin mulkin soja, na alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha, amma ƙofarsu ba ta buɗu ga lauya ba sai bayan tsarin mulkin 1979, da hukunce-hukuncen manyan kotuna na shekarun 1980 suka tabbatar wa wanda ake tuhuma 'yancin ɗauko mai kare shi.

A Ingila sana'ar kashi biyu ce: solisita mai rubuta yarjejeniya da shirya takardun ƙara, da barista mai tsayawa gaban manyan kotuna. Najeriya ta haɗe su, kuma tun dokar 1962 da ta kafa Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda yanzu take da reshe a Bagauda, duk wanda aka rantsar yana da ikon yin duka biyun. Laƙabin SAN na manyan lauyoyi, da aka fara bai wa Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas a 1975, girmamawa ce mai ba da kujerar gaba da fifikon a fara kiran ƙarar mutum, ba ta ƙara masa iko a kan kowa.

Iko yana Ma'aikatar Shari'a. Tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha, har da Katsina da aka ƙirƙiro a 1987, za ta sami Antoni-Janar wanda ya shekara goma aƙalla yana lauya, kuma shi ne Kwamishinan Shari'a. Sashe na 211 ya ba shi damar shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da dakatar da ita kafin a yanke hukunci. Sashe na 174 ya ba takwaransa na tarayya irin wannan a laifukan dokokin tarayya, irin su fasa-ƙwaurin da jami'an kwastan ke kamawa a Kongolam. Ƙarƙashin Antoni-Janar akwai Solisita-Janar, wanda yawanci shi ne babban sakataren ma'aikatar, da Daraktan Gabatar da Ƙararraki mai duba fayil ɗin 'yan sanda ya ba da shawarar a gurfanar ko a saki. Lauya mai zaman kansa, komai shahararsa, roƙon kotu yake yi. Antoni-Janar kuwa da takarda ɗaya yake tsayar da shari'a, kuma a 1983 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ilori, ta ce kotu ba za ta tuhumi dalilinsa ba.

Nan ne nake ganin rauni. Tsarin mulkin 1960 ya bar wannan iko a hannun darakta mai cin gashin kansa, na 1963 ya mayar da shi ƙarƙashin ɗan siyasa. Masu kare wannan tsari suna cewa gwamma ikon ya zauna wurin wanda majalisa ta tantance, wanda za a iya kira ya yi bayani. Hujja ce mai nauyi, sai dai gwamnan da ya naɗa shi yana iya sallamarsa ranar da ya ga dama, kuma talakan da aka janye ƙarar wanda ya cuce shi ba shi da inda zai kai kuka.

Da mutum ya tsallaka Kongolam ya kama hanyar Damagaram, sai ya tarar da wani rabon. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda mai gabatar da ƙara da sunan jamhuriya ɗan rukunin alƙalai ne tun daga horonsa, lauya mai kare mutane yana da tasa ƙungiyar daban, sannan rubuta takardun ciniki da gado, da isar da sammaci da zartar da hukunci, kowanne sana'a ce mai zaman kanta. Ɗan kasuwar Mai'aduwa da rigima ta haɗa da abokin cinikinsa na Matamaye zai iya buƙatar mutum biyu a can, mai kare shi da mai rubuta masa takardu, a kan aikin da lauya ɗaya zai yi masa a Daura.