Zamanin Fijo A Hanyar Wurno Da Goronyo

Layin dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Reshen da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya cak a Ƙauran Namoda a 1929, kuma har gobe nan ne ƙarshensa. Gyaɗa da auduga suka sa aka ja shi, inda kayan suka ƙare nan ƙarfen ya tsaya. Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, da Rabah mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, da Goronyo ta bakin Gulbin Rima, duk aka bar su da jaki da raƙumi da doki, sai kwale-kwale idan gulbi ya kawo.

Tun kafin birane irin su Mosko da Alƙahira da Johannesburg su shimfiɗa wayoyin lantarki a saman tituna don bas-bas masu jan wuta ta sanda biyu, Legas kaɗai ce a Najeriya ta ɗan ɗanɗana wani abu makamancin haka, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari mai aiki da tururi, daga 1902 zuwa 1933. Arewa ko ƙyallinsa ba ta gani ba. Abin da ya zo ya zama sufurin talaka a gabashin Sakkwato babu hukumar da ta zauna ta tsara shi. Wata mota ce ƙirar Faransa mai tambarin zaki, Peugeot a takarda, Fijo a bakin kowa.

Kafin zuwanta akwai manyan motoci masu bodin katako. Su ne suke ɗebo buhuna ranar kasuwa, fasinja kuma ya hau kan kaya ko ya zauna a kan katakon da aka gitta. Matsalarsu girma. Gingimari ba ta tashi sai ta cika, cikarta kuwa na iya cinye yini guda, don haka wanda ya yi sammako daga Rabah da niyyar kai marar lafiya asibitin Sakkwato yana iya ganin la'asar yana tasha.

A 1960, shekarar da Najeriya ta sami 'yancin kai, kamfanin Peugeot ya fitar da samfurin 404. Bayan 'yan shekaru aka fitar da mai buɗaɗɗen baya, wadda kamfanin SCOA na Faransawa ya riƙa harhaɗa irinta a Apapa. Ita ce akori-kura, kuma ita ta fara sauya lissafin tafiya a ƙauyukan fadama. Ƙarama ce, tana cika da wuri, tana kuma shiga inda babbar mota ba ta isa ta sa ƙafa ba.

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 zai iya zana ta ido rufe. An kafa mata ƙarafa a baya an lulluɓe da tamfol, benci biyu suna fuskantar juna, tsakiya buhunan albasa ko na shinkafa, fasinjoji sun ɗora ƙafafu a kai gwiwa na taɓa haɓa. Akuya ɗaure a lungu, kaji a kwando, galan na kananzir rataye a gefe. Dattijo ko mai juna biyu a ba su gidan gaba. Yaron mota yana maƙale a baya da ƙafa ɗaya, hannunsa riƙe da guntun katakon da zai tokare taya da zarar an tsaya a hawa, don birki ba abin amincewa ba ne da irin wannan lodi. Bayan motar ya zauna har yana neman shafar ƙasa, gabanta ya ɗaga, amma tana tafiya. A haka ta yi ta jigila tsakanin kasuwar Achida da ta Goronyo, wadda ke ci ranar Lahadi, da ƙauyukan da ke tsakani.

Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai a 1969. Sai dai sarautarta ta gaskiya a Afirka ta yi ta, kuma abubuwa da dama ne suka haɗu suka share mata fage a Najeriya. A Afrilun 1972 ƙasar ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, daidai da Nijar da sauran maƙwabta rainon Faransa. A ƙarshen wannan shekarar aka yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria rajista, haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da Faransawa, kuma a 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri, Kaduna. Kuɗin mai yana ambaliya, ga ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata. Malamin makaranta da akawu suka fara zancen mota.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda kayan suke isowa. A daidai lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti da gwamnati ta yi oda, jirgi yana iya yin watanni bai sauke kaya ba. Sai aka koma sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa ɗauko sassan motar daga Lyon ta Faransa suna saukewa a filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su kai Kaduna. Wato motar da za ta ƙare tana ɗaukar tafarnuwa a Wurno, injinta a jirgin sama ya shigo ƙasar.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta mayar da 504 motar manyan jami'ai. A watan ne kuma aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma, aka biyo da gyaran ƙananan hukumomi a shekarar. Sababbin ma'aikatu, sababbin ofisoshi, kowanne da motarsa, ga bashin sayen mota ga ma'aikata. Wannan ya yi wa tasha rana ta hanyar da ba a yi tsammani ba. Motar ofis idan ta yi 'yan shekaru sai a yi gwanjonta, ma'aikacin da ya yi ritaya ya sa tasa haya, ɗan kasuwa ya saya ya ba direba. Fijo ta sauko daga gidan gwamnati ta shiga layin lodi, kuma ba ta nuna ta ji kunyar hakan ba.

Wadda ta fi amfanar matafiya ita ce doguwar, mai layin kujeru uku, da ta fito a farkon shekarun 1970. Masu ƙera ta mutum bakwai suka yi wa lissafi, don magidancin Faransa mai yara da yawa. A tashoshinmu lissafin ya sauya: biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, yara kuma a cinya ba a ƙirga su. 'Yan kamasho, waɗanda suka shiga ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta NURTW bayan kafa ta a 1978, suna kiran saura mutum ɗaya tun mota na da rabi. But ɗin ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da igiya. Kujerar can baya ita ce ta wanda ya makara, kansa na dukan rufi a kowace gargada. Duk da haka, idan aka gwada da kan buhu a gingimari, wannan daula ce, kuma a karon farko mutumin Goronyo ya iya zuwa Sakkwato ya gama hidimarsa ya kwana a gidansa ba tare da fargaba ba.

Me ya sa ita, alhali ga Volkswagen da ake harhaɗawa a Legas, ga motocin Japan suna shigowa? Amsar tana ƙarƙashin motar. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa. Tayoyin baya ne ke tura ta, saboda haka nauyin kaya ƙara mata riƙo yake yi a cikin yashi. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya a cikin bututun ƙarfe take a rufe, ƙura da tsakuwa ba sa samunta. Doguwar kuma an ninka mata sifirin a baya, bibbiyu kowane gefe. Ƙafafunta suna da laushi da doguwar lanƙwasa, abin da hanyar burji ke so ke nan. Ba a baki kawai aka faɗa ba, an gwada a fili: 404 ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita kuma 504 ta ci ta a 1975, ta haɗa da ta Maroko da ta Kwaddibuwa a shekara guda.

Amma babban sirrin yana hannun bakanike. Injin silinda huɗu ne mai kafireta, babu kwamfuta, babu wata waya da ke ɓoye. Yaron da ya yi shekara biyu a gareji yana iya kwance shi a ƙarƙashin bishiyar dogon-yaro ya mayar. Idan kafireta ta toshe, direba ya cire ya hura da baki. Fanbel ya tsinke, a yi dabara da igiya har a kai gari. Lagireto na yoyo, akwai masu zuba garin barkono ko su liƙe da sabulu. Batir ya mutu, fasinjoji su sauko su tura, kuma babu mai ƙorafi, kowa ya san da haka aka yi cinikin. Sassan wata suna shiga wata, don haka Fijo ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai dai ta raba gadonta ga 'yan'uwanta. Idan za a faɗi gaskiya, masu gyara na bakin titi sun fi masana'antar Kaduna mayar da motar nan 'yar gida. Masana'antar ta yi shekara talatin tana ɗaura abin da aka aiko mata, tana ƙarawa da taya da batir da gilashi da kujerun gida, amma zuciyar injin ba ta daina zuwa daga waje ba.

Akwai kuma wata ƙofar da Fijo ke shigowa ta arewa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun mayar da ita sana'a: su sayi tsohuwar 504 da araha, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su faɗo Arlit da Agadas, su sayar su koma gida da riba. Daga can wasu motocin suka gangaro Tawa da Birnin Ƙwanni, wanda tsakaninsa da Illela taku kaɗan ne. Rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya.

A gida kuwa aiki ƙaruwa yake yi. An gama gina madatsar ruwan Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Noman rani ya bunƙasa a kwarin Rima, albasa da tafarnuwa da shinkafa da tumatir suka yawaita, kowanne yana neman mai kai shi bakin kwalta. Akori-kura ke shiga gona ta fito da kaya, sannan wata 'yar gidan, bas ɗin J5, ta ɗauka ta yi kudu da shi.

Hanya ba ta kayar da Fijo ba, naira ce ta kayar da ita. Kafin 1986 naira ɗaya ta fi dala ɗaya a farashin gwamnati. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka saki kuɗin, cikin shekara guda dala ta kai wajen naira 4, a tsakiyar shekarun 1990 kuma ta haura 80 a kasuwar canji. Tunda da kuɗin waje ake sayo sassan, sabuwar mota daga Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle direban haya. Masana'antar da ke fitar da dubun-dubatar motoci a shekara ta koma dogaro da odar gwamnati. Sai ga tsofaffin motocin Turai sun kwararo ta Kwatano, da yawansu suna zagayowa ta Nijar kafin su shigo. Golf ta zo, ba ta shan mai kamar Fijo, ga gudu. Sharon da Hayis suka biyo, Kanta ta ƙwace dakon buhuna, kabu-kabu ya ɗauke gajeren zango. Direba ɗan lissafi ne, idan mai ya yi tsada ba ya duba tsohuwar zumunta.

Faransa ta daina ƙera 504 ta zaman mutane tun 1983. Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004. Kaduna ce ta ƙarshe, ta riƙe ta har wajen 2006, bayan ta harhaɗa fiye da dubu 400. A shekarar ne gwamnati ta sayar da hannun jarinta, bashi ya yi wa kamfanin katutu har hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi a 2012. A 2022 wata sabuwar masana'anta ta haɗin gwiwar Dangote ta fara harhaɗa Peugeot a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, sai dai motocin na masu hali ne, ba irin waɗanda za a ɗora wa buhu goma ba.

Yau direban hanyar Goronyo da Sabon Birni ba taya ko lagireto ne ke hana shi barci ba, 'yan bindiga ne, musamman tun harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 da ya ci rayuka fiye da 40. A cikin wannan hali ba mai waiwayar tsohuwar mota. 'Yan akori-kuran da suka rage suna ɗaukar itace da bulo, fentinsu ya koɗe, ƙofa da waya ake ɗaure ta. Sauran kuwa, 'yan gwangwan suna sarewa suna aunawa a sikeli.

Ingila ta tsayar da bas ɗinta na ƙarshe mai jan wuta ta sanda biyu a Bradford a 1972, amma ta adana da dama a gidan tarihi na Sandtoft, inda har yanzu ake tayar da su mutane su hau. Kamfanin Peugeot na da nasa gidan tarihin a Sochaux. Gidan tarihi na Legas yana ajiye da Marsandin da aka harbi Murtala a ciki. Sakkwato ma na da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, kuma kuɗin akori-kura ɗaya da doguwar 504 ɗaya bai kai na tayoyin motar kwamishina ba. Tsofaffin direbobi da makanikan da suka san Fijo ciki da bai suna nan da ransu a Wurno da Rabah da Goronyo. Ya kamata cibiyar ta sayi motocin, ta kuma aika a naɗi bayanin mutanen nan tun suna iya bayarwa.