Fetur Mai Itanol da Tsofaffin Motoci

Itanol sinadari ne da ake samu daga rake, masara ko rogo, a gauraya shi da fetur. E10 na nufin kashi 10 cikin 100 itanol ne, E15 kuwa kashi 15. A 2007 Najeriya ta fitar da manufar amfani da E10. A Amurka, motocin 2001 zuwa yau kaɗai aka yarje wa shan E15.

Tsohuwar mota, irin Peugeot 504 haɗin Kaduna, ba a yi ta don wannan mai ba. Itanol na cin tiyo da robobin kafireta, yana kuma jan danshi har tanki ya yi tsatsa, balle da daminar Kafanchan. In motarka ta kwana biyu, sa bakanike ya duba tiyon mai, kuma kada fetur ya daɗe a tanki.