Kwaɗin Mustafa Alasan: Shin Zane Mai Motsi na Yara Ne Kaɗai?

A shekarar 1966 wani matashi ɗan Nijar mai suna Mustafa Alasan ya fito da ɗan gajeren fim na zane mai motsi, wanda bai wuce minti 5 ba, ya sa masa suna Bon voyage Sim. Sim kwaɗo ne, kuma shi ne shugaban jamhuriyar kwaɗi. Takwaransa na maƙwabciyar ƙasa ya aiko masa goron gayyata, ya hau jirgin sama, aka tarbe shi da faretin soja da dukkan bukukuwan da aka saba yi wa shugabanni, sa'an nan ya komo gida. Yaro zai kalli wannan ya yi dariya don ya ga kwaɗo yana tafiyar ƙasaita. Amma wanda ke sauraron rediyo a wancan zamani dariyarsa daban ce. A watan Janairu na shekarar soja suka kifar da gwamnati a Afirka ta Tsakiya da Haute-Volta da Nijeriya, a watan Fabrairu kuma aka tumɓuke Kwame Nkrumah na Gana yana kan hanyar ziyara zuwa Hanoi. A Yamai ma, Diori Hamani ya yi suna wajen yawan tafiye-tafiye. A ƙasar da jam'iyya guda ke mulki, abin da ɗan jarida ba zai iya rubutawa ba, kwaɗo ya faɗe shi ba tare da ya ambaci sunan kowa ba.

Na fara da wannan fim ne saboda gardamar da ake yi yau a kan zanen Japan da ake kira anime, wanda samari ke kallo a wayoyinsu har nan Tabelot, a gindin dutsen Bagzan. Iyaye da malamai da yawa sun yanke hukunci cewa duk abin da aka zana wasan yara ne. Tarihin ƙasarmu bai goyi bayan wannan hukunci ba.

An haifi Mustafa Alasan a N'Dounga, kusa da Yamai, a 1942. Ya fara da aikin kanikanci, kuma tun kafin ya riƙe kyamara yana haɗa majiginsa da kansa, ya haska zane-zanensa da fitila mutane su taru su kalla. Jean Rouch ne ya jawo shi cibiyar bincike ta Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, daga can ya tafi Kanada, inda ya koyi aiki wajen Norman McLaren, gwanin da ke yin zane a jikin leda ta fim kai tsaye. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, labarin sarkin kwaɗi da fadawansa, wanda ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A 1977 ya sassaƙa ƴan tsana, ya motsa su hoto bayan hoto, ya fitar da Samba le Grand, tsohon labarin jarumin da gimbiya ke ɗora wa jarrabawa bayan jarrabawa, har sai mutuwa ce ta haɗa su. Ba a yi wa jinjiri irin wannan ƙarshe. Daga baya ya zauna a Tawa, garin da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da wasu dabbobi ke shiga fili ana yi musu kiɗa da kirari. Duk wanda ya taɓa zama filin kokowa zai gane tsayuwar kowane ɗan kokowa da alfaharinsa a jikin waɗannan halittu.

Mustafa bai ƙirƙiro wannan dabara daga sama ba. A tatsuniya ya same ta. Gaskiya ne tsofaffin mata ke yi wa yara tatsuniya da dare, amma wa ya ce yara kaɗai ke saurare? Gizo da ke damfarar zaki da kura, darasi ne a kan yadda marar ƙarfi ke rayuwa a ƙarƙashin mai ƙarfi, kuma talakan da ya biya haraji ya fi ɗansa fahimtar wannan darasi. Littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, dabbobi ne ke magana a cikinsa, alhali sarakuna da waziransu aka nufa da shi. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, aku ne ke ba da labari, har ya kai ga sarautar waziri. Mu kuwa masu koyar da Faransanci mun san abin da makaranta ta yi wa La Fontaine: ta mai da tatsuniyoyinsa abin hadda ga ƴan firamare, har ɗalibi ya girma bai taɓa sanin cewa zakin nan yana da kama da sarki Louis na 14 ba.

To daga ina ra'ayin cewa zane na yara ne ya fito? Mafi yawansa daga talabijin. A Amurka, tun shekarun 1960, tashoshi suka keɓe safiyar Asabar ga zanen yara, saboda masu tallar alewa da kayan wasa nan suke samun kasuwa. Faransa ta bi sawu. Ranar 3 ga Yuli 1978 tashar Antenne 2 ta fara nuna Goldorak, zanen Japan, a cikin shirin yara na Récré A2. Daga 1987 zuwa 1997 shirin Club Dorothée na tashar TF1 ya riƙa sayo zanen Japan da araha yana zuba wa yara ba tare da tantancewa ba. A cikinsu har da Ken le Survivant, labarin faɗa mai zubar da jini wanda ba don ƙananan yara aka yi shi ba. Masu sa masa muryar Faransanci sai suka riƙa cusa barkwanci a bakin jaruman don su rage kaifinsa. A 1989 Ségolène Royal ta rubuta littafi tana sukar wannan zane. Laifin, a ganina, na mai saye ne da ya zuba kowane hatsi a rumbu guda. Mu da muka karɓi hotuna ta hannun Faransa, mun karɓe su tare da wannan ruɗu.

A Japan kuwa abin a rarrabe yake tun daga littattafan zane da ake kira manga. Akwai na ƙananan yara, akwai shonen na samari, shojo na ƴan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Osamu Tezuka, wanda ya kai Astro Boy talabijin a 1963, shi ne kuma ya zana dogon labari a kan zamanin Hitler da wani a kan rayuwar Buddha.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne fim ɗin Isao Takahata na 1988, wanda Faransawa ke kira Le Tombeau des lucioles. Labarin yaro ne ɗan shekara 14 da ƙanwarsa ƴar shekara 4 a birnin Kobe, bayan ruwan bama-baman Amurka a 1945. Uwa ta mutu, dangi suka gaji da su, suka koma wani kogo, yarinyar ta rame a hankali har yunwa ta kashe ta. Babu dodo, babu sihiri. Zane ya iya nuna abin da ba za a sa yarinya ta gaske ta kwaikwaya ba, wato yadda jiki ke ƙarewa kwana bayan kwana. Dattijon Abzin da ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga dabbobi sun zube, ya ga iyalai sun gangara Agadas da Arlit neman abin kai wa baki, ba ya bukatar a fassara masa wannan fim. Jikansa ne zai bukaci bayani. Abin mamaki, an fito da shi a gidajen sinima rana ɗaya, a tikiti ɗaya, da Mon voisin Totoro na Hayao Miyazaki, wanda shi na yara ne da gaske. Kamfani guda, wato Ghibli, da alƙalami iri guda. A 2002 wani fim na Miyazaki, Le Voyage de Chihiro, ya ɗauki babbar lambar bikin Berlin, inda ya yi takara da finafinan manya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke anime ɗungurungum. Akwai shirme da yawa a cikinsa, akwai tsiraici, akwai faɗan da ba ya ƙarewa sai don a sayar da kashi na gaba. Nan ma haɗarin yake. Uban da ya tabbata cewa zane wasan yara ne zai hana ɗansa kallon fim ɗin Indiya saboda rawa, sa'an nan ya bar shi da waya har tsakar dare yana kallon abin da a Japan ba a nuna shi sai bayan yara sun yi barci. Katin waya da aka cika a kasuwar Agadas ba ya zuwa da alamar shekaru.

Asara ta biyu ta fi wannan daɗewa. Tun da aka ɗauki zane abin wasa, ba a ɗauki mai zanen da muhimmanci ba. Mustafa Alasan ya yi shekaru yana jagorantar sashen sinima a Jami'ar Yamai, ya ƙare rayuwarsa yana gwada zane da kwamfuta a Tawa, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin New York ya shirya nunin finafinansa. Ɗalibanmu na Tabelot suna iya jero sunayen jaruman Naruto da dabarun yaƙinsu ba tare da tuntuɓe ba, suna kuma zana su a bayan littattafan darasi da ƙwarewar da ke ba ni mamaki. Cikinsu ban sami wanda ya taɓa jin sunan Sim ba.